Farin Yadin Malam Isyaku

Ku da kuke zuwa shagon nan kuna cewa a koya muku ɗinki kafin Sallah, ku matso in gaya muku wani abu. Jiya wani cewa ya yi da ni ai ɗinki ba komai ba ne, keke ne yake aikin, kai naka tura yadi kawai. Na dube shi na yi dariya, don ni ma haka na ɗauka ranar da babana ya kamo hannuna daga Nariya ya kawo ni Rano wurin marigayi Ɗanjuma Tela. Taka keke kam ba wuya, cikin sati guda ƙafarka za ta saba. Wuyar tana ga almakashi. Ɗinki in ya karkace ana warware shi, yanka kuwa in ka yi ka yi, kuma yadin da kake yankawa ba naka ba ne.

Na daɗe a wurin Ɗanjuma ban taɓa almakashinsa ba. Aikina hura gawayi a dutsen guga, zura zariya a wando, sa maɓalli da share ƙyallaye. Almakashin nan baƙi ne mai nauyi, a tsumma yake naɗe shi, kuma shi da kansa yake wasa shi. Ranar da na saci jiki na yanke farce da shi, da ya gano, ban ci abincin rana ba. Shi in an kawo masa yadi ba ya garaje. Sai ya shimfiɗa shi a tebur, ya shafa, ya ɗaga shi a haske, har sansanawa yake yi, sannan ya tambayi mai shi na wane ne kuma na wace hidima ce. A lokacin gani nake ɓata lokaci ne irin na tsofaffi.

Sai da na buɗe nawa shagon na gane mutane iri-iri ne suke biyo bayan yadi. Akwai manomin da zai zo bayan kaka da awon 'ya'yansa a jikin igiya, kowane ƙulli yaro guda, in ka rikita ƙullin ka haɗa faɗa a gida. Akwai Bafulatanin da zai taso daga rugar bayan Rurum ya ce a zurfafa masa aljihu yadda rediyo za ta shiga, ya zauna a benci ba ya motsi sai an gama. Akwai mai tumbin da zai rantse awonsa na bara bai canza ba. Kuma mu ne masu ɗinkin likkafani. Wannan shi kaɗai ne aikin da ba a ciniki a kansa, ba a cewa a dawo gobe. Da sassafe za a shigo da alawayyo daga kasuwa, ka ture duk abin da yake kan keke, ka yi bisimilla ka haɗa, a tafi da shi. Na ɗinka wanda ban san iyakarsa ba, shi ya sa nake ganin ko a mafarki aka nuna min yadin likkafani zan gane shi.

Akwai shekarar da ruwa ya ɗauke da wuri, dawa ta tsaya ba ta fitar da kai ba. Wanda bai ci ba ba ya ɗinki. Na cire kan keken na ɗaure a bayan basukur, ina bin kasuwanni, Rurum yau, Madachi gobe, Kibiya jibi, ina faci a gindin bishiya, a biya ni da ɗan abin da ya samu. A Kibiya Malam Isyaku ya same ni. Shi ya koyar da ni a firamare, a lokacin kuma ya zama hedimasta. Ya tsaya a kaina da kekensa na hawa, ya duba facin da nake yi, ya ce, "Sale, har yanzu layinka ba ya miƙewa." Daga nan ya wuce. Ashe da ya koma makaranta tara iyayen yara ya yi, ya ce bana kada kowa ya sayi sabon yunifom, a kawo na yayye wurin Sale ya rage wa ƙanne. Da ragin yunifom ɗin nan na ciyar da gidana har damina ta zagayo. Haka Malam yake, bakinsa ba ya yabo, amma kana juyawa za ka tarar ya gyara maka hanya.

Aikin da nake son ba ku labarinsa na shekarar da Malam ya cika tamanin ne. Tsofaffin ɗalibansa suka ce sai an yi masa taro. Da farko ya ƙi. Ya ce shi bai san ranar da aka haife shi ba, ranar da take a takarda wani ne ya ƙirƙira masa lokacin da hannunsa ya zagaya kansa ya taɓo kunne aka ɗauke shi makaranta. Sai da aka ce masa walima ce, za a yi saukar Alƙur'ani a yi addu'a a ci abinci, sannan ya ce to. Aka raba hidima, ni aka ba ni ɗinkin babbar rigar da zai sa. Na ji daɗi ƙwarai, don tun da nake ban taɓa samun abin da zan yi wa Malam ya karɓa ba.

Binta ce ta kawo yadin, 'yarsa da take aure a Kano tana aikin jinya. Ta shigo da jaka, ta fito da tsohuwar rigarsa don awo, sannan ta fito da wani farin yadi. Na shimfiɗa shi a tebur. Auduga ce zalla, mai kauri da laushi, irin wadda ba ma gani a kasuwarmu, yadi goma cif ba a taɓa sa masa almakashi ba. Bakin ninkin ya ɗan yi ruwan ƙasa, akwai wani shatin ruwa da ya bushe a jikinsa, sai ƙanshin kafur. Na ɗauka danshin damina ne ya shiga akwati.

Na ce, "Binta, wannan daga ina?"

Ta ce, "Daga ƙasan akwatin Baba. Ka san halinsa, Yaya Sale, in ya samu abu mai kyau sai ya adana, ya ci gaba da yawo da tsohuwa. Ina jin tun zuwansa Makka ya sayo shi."

"Ya san kin ɗauko?"

"In ya sani ai ba zai yarda ba. Yana masallaci na ɗauko, Hajiya kuma ta tafi suna Madachi. So nake ya ga abinsa a jikinsa ranar walima, ya san mun fi shi wayo."

Maganarta ta shige ni, don duk wanda ya san Malam ya san haka yake. Kuma yadi goma daidai yake da babbar riga da 'yar ciki da wando. Auduga kuwa ba a yanka ta sai an jiƙa, in ba haka ba wankin farko za ta tsuke. Na ba mai wanki na ce ya fitar min da shatin ruwan nan. Ya wanke shi tas da sabulu, ya sa bula, ya goge, ya dawo da shi fari sol. Na wasa almakashi, na ja layi da alli, na yanka. Ban taɓa yanka mai daɗin wannan ba, almakashin tafiya kawai yake yi. Na haɗa jikin rigar, na zana aska takwas a ƙirji, don shugaban tsofaffin ɗalibai ya ce aiki suke so na kece raini, da zaren siliki mai ruwan zinare.

Ina cikin sa zaren farko a wuya sai ɗan acaba ya tsaya a ƙofar shago, Hajiya Tabawa matar Malam ta sauko. Ita ba mai zuwa shago ba ce, aike take yi. Na miƙe na gaishe ta, ta amsa a gajarce, idonta na kan tebur.

"Sale, Binta ta kawo maka wani farin yadi?"

"Ta kawo, Hajiya. Ga shi har na haɗa."

Ta ɗaga hannun rigar ta duba, sai ta nemi benci ta zauna tana salati. Ta ce, "Sale, likkafanin Malam ka yanka."

Wallahi sai da na dafa keke. Ta ce da ya yi ritaya ya je Makka ya saye shi, ya jiƙa shi da zamzam da hannunsa, ya shanya a can, ya ninke ya taho da shi. Shatin ruwan da na sa aka wanke da sabulu ke nan. Ita kaɗai ya gaya wa, ya ce ranar da ta Allah ta kasance kada a je kasuwa, ga shi nan a ƙasan akwati. Binta tana gidan mijinta lokacin, ba ta san zancen ba. A ranar nan ne Hajiya ta buɗe akwatin za ta sabunta kafur ta tarar wayam.

Muka kira Binta a waya. Da ta ji sai ta fashe da kuka, daga baya ta ce ita za ta shiga kasuwa a Kano ta nemo irinsa sak, a ninke a mayar, Baba ba zai taɓa ganewa ba. Gaskiya ni ma zuciyata ta karkata can. Hajiya ta karɓi wayar ta ce, "Ke Binta, ba za a naɗe min miji da ƙarya ba. Yana kwance yana zaton na zamzam ne, alhali na kanti ne? Ban yarda ba." Binta ta ce ita ba za ta iya haɗa ido da shi ba. Hajiya ta ce ita ma bakinta ba zai iya ba. Nan na gane wanda ya riƙe almakashi shi zai je.

Abin da nake tsoro ba faɗa ba ne, na sha faɗan Malam tun ina ɗan aji ɗaya. Tsorona kada tsohon nan ya ji an taɓa masa abin da ya fi daraja a wurinsa, ya ce a fasa walimar, ya rufe ƙofarsa ga 'yarsa da ni, a kuma shekarun da ba a san ko za a samu lokacin shiryawa ba. Mutane sun riga sun sa rana, an aika wa na nesa. Na naɗe rigar da sauran yankakkun a zani, na hau babur bayan la'asar na nufi Kibiya.

Na same shi a zaure kan tabarma, rediyo a gefensa. Na durƙusa na gaishe shi, na kwance zanin a gabansa, na faɗi abin da ya faru tiryan-tiryan, ban rage ba, ban kuma jingina wa Binta ita kaɗai ba. Ya kashe rediyon. Ya jawo yadin ya shafa, ya kai hancinsa, ya ajiye.

"An wanke shi."

"An wanke, Malam."

"Da sabulu?"

"Har da bula, Malam."

Ya sake shafa yadin. Can ya ce, "Bar shi nan. Je ka, Sale." Ko a gaida gida bai ce ba. Na fito na hau babur na dawo Rano. Kwanakin da suka biyo baya na ɓata wandon wani, na ƙona hannun rigar wani da dutsen guga, abin da rabona da yi tun ina yaron shago. Hajiya ta aiko cewa ba ya magana da kowa, daga masallaci sai ɗaki.

Ranar kasuwar Rano ina tsaka da aiki sai na ji sallamarsa. Ga shi da sandarsa, ƙunshin zanin a hammata. Na share masa benci, ya zauna, ya huta, sannan ya ce:

"Raina ya ɓaci, Sale, ba zan ɓoye maka ba. Na kwana biyu ina jin haushinku kai da Binta. Daga baya na koma jin haushin kaina. Tun da na ajiye alli nake zaune kamar wanda ya ɗaure kaya yana jiran mota. Kowace shekara in buɗe akwati in duba yadin nan, in ce bana ce. Ga shi an haifi yara sun yi aure ina nan ina dubawa."

Na ce, "Allah ya huci zuciyar Malam."

"Na je wurin Liman. Ya ce malamai sun so a naɗe mutum da tufar da yake zuwa Juma'a da ita. Zamzam kuwa na sha a can na ƙoshi, ba yadi ne zai amsa min tambaya ba. Ka ƙarasa rigar." Ya ɗaga sanda ya nuna zanen da na yi a ƙirji. "Amma wannan shirgin ka goge shi. Ba siliki, ba ruwan zinare. Farin zaren auduga, aiki kaɗan a wuya. Kuma ka yi ɗinkin da zai warwaru, don ranar da za a buƙace ta kada ka tsayar da mutane."

Ban san lokacin da na sauke ajiyar zuciya ba, har sai da ya dube ni. Na ce, "An gama, Malam." Ya ce, "Ba a gama ba, sai na ga layin."

Ku da kuke cewa keke ne yake aiki, ku gaya min wane keke ne zai yi wannan. Ɗinkin da zai riƙe riga a jikin mutum shekara da shekaru, ya jure wanki, amma in an ja bakin zare guda ya bi hannu ya fita. Da hannu na yi shi, na warware abin da na haɗa da keke tun farko, na sake bi da allura, taku ɗaya bayan ɗaya, ba na komawa baya in ƙulle. Bakin zaren kowane gefe na ɓoye shi cikin kalmasa inda ni da Hajiya kaɗai muka sani. Idona ya sha wuya, yatsana ya huje. A duk rigunan da na yi, ita ce mafi ƙarancin ado, kuma ita ta fi cin raina.

Ranar walima filin makarantar ya cika. An kafa rumfuna, almajiran Liman da manyan gari suka yi sauka tun da hantsi. Ɗalibansa sun zo daga ko'ina, akwai likita, akwai direban tirela, akwai mai shayi, akwai mata da jikokinsu. Wani Arɗo da Malam ya taɓa bin babansa har ruga don a bar shi ya yi karatu ya jawo rago da kansa. Aka ce a jeru aji-aji a gaishe shi, sai ga masu furfura suna ture juna a layi. Malam ya fito cikin farar rigar nan da farar hula, iska tana ɗan ɗaga hannuwanta, ya yi kyau har Hajiya ta sunkuyar da kai tana murmushi.

Shugaban tsofaffin ɗalibai ya matso kusa da ni ya ce, "Malam Sale, ina askar da muka ce? Wannan ai kamar ta zuwa gona." Ashe Malam ya ji. Da aka miƙa masa lasifika, bayan ya yi godiya, sai ya ce kada a ga laifin tela, shi ya hana. Ya ba da labarin duka da bakinsa, tun daga ƙasan akwati har zuwa bula. Binta ta taso daga cikin mata ta durƙusa a gabansa tana hawaye. Ya dafa kanta ya ce, "Tashi, uwata. Shekara ashirin da wani abu ba wanda ya iya raba ni da akwatin nan sai ke. Allah ya yi miki albarka." Sannan ya dubi jama'a ya ce, "Kada wanda ya yi min kuka a nan. Ga ni a tsaye, kuma an ce akwai shinkafa." Aka kwashe da dariya, masu share ido suna sharewa. Ni dai a ranar na ci abinci da ya zauna min, karo na farko tun zuwan Hajiya shagona.

Tun daga ranar kowace Juma'a da ita yake zuwa masallaci. Ya koma zama a ƙofar gida da yamma yana duba wa yaran unguwa aikin makaranta, har gonarsa ta bayan gari ya koma leƙawa. Shekaru sun ja, yanzu ya ba tamanin da biyar baya. Na juya wuyan rigar sau ɗaya, na yi mata faci a kafaɗa, na sake yi a gindin aljihu.

Larabar da ta wuce ɗan acaba ya sauke shi a nan, a bencin da kuke zaune. Ya miƙo min ita a ninke ya ce, "Sale, duba min rigar nan tsakaninka da Allah. Za ta kai ranar da za a buƙace ta?"

Na warware ta na ɗaga a bakin ƙofa. Ta bayanta ina hango masu wucewa a titi. Na juya ta, na ja gefen kaɗan, zaren yadin ya buɗe a hannuna.

Na ce, "Malam, ba za ta kai ba."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, na ba shi ruwa. Da ya sarara ya ce, "To, na ga bayanta ke nan. Yi mata faci haka nan, jibi Juma'a."